Mu da rigakafi a zangon Kambole

Wai mu mutanen zango ba mu san rigakafi ba. Wa ya faɗa? Ai mu ne gwanayensa, sai dai namu da na likita ba hanyarsu ɗaya ba.

Dubi yadda muke tafiya Sokode. Tun da asuba an yi addu'ar hanya, an ba almajiri sadakar ƙosai, tsohuwa ta yi wa ɗanta tofi a ka, laya na ɗaure a dantse. An hau babur, hular kwano kuwa tana rataye a hannun babur tana lilo kamar ƙwaryar nono. Sai an wuce Tchamba, an hango jandarma a gindin mangwaro, sannan a yi wuf a kifa ta a ka, ko igiyar ba a ɗaure ba. Da an wuce a cire, wai zafi. To shi ma rigakafi ne, amma na tara, ba na fashewar kai ba.

Kakanninmu fatake da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja, suna yada zango a Sokode, ba sa tashi haka kawai. Madugu zai sa a duba ranar fita, a tanadi guzuri, a san inda ruwa yake da inda 'yan fashi ke kwanto. In gari za a kafa, a yi masa kafi: a kewaye shi da itatuwa, malam ya binne abin da zai binne. Ka riga masifa, ka yi kafi. Har gobe maƙwabcina ba ya tarewa a sabon ɗaki sai an yi masa wannan. Tagar ɗakin dai ba raga, sauro na shiga ba sallama.

A nan abin dariyar yake. A watan Disamba na 2004 Togo ta raba wa ƙananan yara gidan sauro a duk faɗin ƙasa, haɗe da allurar ƙyanda, kuma tun daga nan ake ta rabo. Ina gidajen suke? Leƙa bayan ɗaki. Ɗaya ya lulluɓe irin tumatir kada kaji su tone. Ɗaya an yi wa 'yan tsaki rumfa da shi saboda shaho. Wani samari sun ɗaura shi ragar ƙwallo. Sabon kuwa yana ƙasan akwatin Hajiya cikin ledarsa, sai baƙo ya zo.

Na ce, "Hajiya, jikokin nan fa?"

Ta ce, "Kai yaro, waɗannan ai sauro ya san su."

Sanƙarau kaɗai ke sa mu bin layi ba gardama. In hunturu ya ja, ƙura ta tashi, zafi ya kawo kai, aka ji wuyan wani ya sanƙare can wajen Kara ko Dapaong, irin yadda ya ɓarke a arewa a 2016, sai ka ga har masu cewa allura na hana haihuwa sun nannaɗe hannun riga. Zancen nan na hana haihuwa tun rikicin ɗigon shan inna na Kano a 2003 yake yawo a bakinmu. Kanawa sun koma ɗigo a 2004, a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, mu muna nan riƙe da tsohon labari a teburin mai shayi.

Amma wanda ya fi ci mini rai na damina ne. Ma'aikatan lafiya na bi gida-gida, wata-wata, daga Dapaong har yankinmu, da ƙwayoyin hana zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ta ranar farko a gabansu ake sha. Ta kwana biyun da suka rage sai a bar wa uwa, ita kuma ta ƙulle a bakin zane. "Yaro lafiyarsa ƙalau, yana wasansa, a ba shi magani? A ajiye sai ya kwanta." In ya kwanta ɗin kuma wannan ƙwaya ba ita ce maganinsa ba, sai an ɗauki babur zuwa asibiti cikin dare, ruwa na zuba, ana neman rancen kuɗin ƙarin jini.

Don Allah iyayenmu mata, in ma'aikatan lafiya sun zo daminar bana, ta rana ta biyu da ta uku a ba yaro ya haɗiye.