Masu Shaidar 'Yar da Ba Su Taɓa Gani Ba

A garin Tuscaloosa na jihar Alabama, kafin a fara karatu a jami'ar Alabama a watan Agusta, 'yan mata fiye da 2,000 kan kwashe kwanaki suna zagaya wasu manyan gidaje masu fararen ginshiƙai, cikin zafin da ke narkar da hoda, kowace na fatan wata ƙungiyar 'yan matan jami'a ta karɓe ta. Sororiti ake kiran irin waɗannan ƙungiyoyi, kuma abin ya daɗe: Alpha Delta Pi ta samo asali tun 1851 a kwalejin Wesleyan da ke Jojiya. A 2021 duniya ta sha kallon wannan zagaye a TikTok, ta ga riguna da 'yan kunne. Abin da ba ta gani ba shi ne farautar da aka yi watanni kafin nan, ta wasiƙar shaida: wata tsohuwar 'yar ƙungiya ta rubuta cewa yarinyar nan ta gidan mutunci ce. Kowane gida da tasa wasiƙar, gidajen kuwa sun haura 15.

Sarauniyar wannan farauta ita ce uwa mai jadawali. Tun Janairu ta zana layuka a kwamfuta: sunan gida, wa za ta rubuta, an aika ko ba a aika ba. Ta haɗa ƙunshi ashirin, kowane da hoton fuska, hoton tsaye, sakamakon makaranta, ambulan mai kan sarki, da tarihin rayuwar 'yar shekara 18 wanda ya fi na minista tsawo. A coci ba wa'azi take sauraro ba, ƙirjin mata take leƙe ko za ta hango ɗan bajon ƙungiya. Ko likitar haƙori ba ta tsira ba. Baki a wangale, ƙarfe a ciki, sai ka ji: "Ke wace ƙungiya kika yi?"

Ta hannun wannan uwa ake faɗawa wurin mai saurin alƙalami. Ba ta taɓa ganin yarinyar ba, ƙawar matar ƙanen maƙwabciya ce ta haɗa su, amma cikin minti goma ta rubuta cewa ta san ta tun tana rarrafe, ba ta taɓa ganin natsuwa irin tata ba. Sunan ne kawai ta kuskure. Kishiyarta a hali ita ce mai "to, ba komai, gobe-gobe". Ta karɓi ƙunshi da fara'a a watan Mayu, a Satumba aka tsince shi a bayan mota, ƙarƙashin abincin kare.

Ni dai na fi jin tsoron mai bincike. Ita ba ta sa hannu sai ta ga yarinya ido da ido. Za ta gayyace ta shan shayi mai ƙanƙara, wanda sukarinsa kaɗai ya isa ya kwantar da mutum asibiti, ta zuba mata ido kamar gwaggon da aka tura binciken aure. Yaya ta riƙe kofi? Ta taɓa waya? Can sai ta jefo tambayar da ita ce asalin zaman: "'Yata, su waye naku?" Idan kwana uku suka wuce katin godiya rubutun hannu bai iso ba, wasiƙar za ta tafi, amma a bushe, kamar tuwon jiya ba miya.

Akwai kuma wadda ta gama jami'a shekara hamsin da suka wuce amma har yau ba ta kwashe kayanta daga gidan ba, a zuciya. Tana da jikoki, tana cewa "yaranmu na bana", tana bugo waya ta faɗi wa za a ɗauka. Abin dariya ne har sai ka tuna 2013, lokacin da jaridar ɗaliban jami'ar Alabama, Crimson White, ta fallasa cewa a wasu gidaje ɗaliban sun so ɗaukar wata yarinya baƙar fata, tsofaffin 'yan ƙungiya suka hana. Shekara hamsin ke nan cif bayan gwamna George Wallace ya tsaya a ƙofa don tare baƙaƙen ɗalibai a wannan jami'a. Shi ya matsa a ranar, su kuwa sai da jarida ta ture su.

'Yar gado ba ta san ana wahala ba. Uwarta ta yi gidan, kakarta ta yi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai daga 2020 ƙungiyoyi da yawa sun soke fifikon da ake ba irinta, kuma kakar har yanzu ba ta yafe ba.

Tausayina yana ga baƙuwa. Fiye da rabin ɗaliban jami'ar daga wasu jihohi suke, kuma 'yar da ta taso daga New Jersey, uwarta ba ta san alfa daga omega ba, sai a Yuni take jin akwai wata aba wai wasiƙa. 'Yan Houston da Dallas suna da ƙungiyoyin tsofaffin 'yan sororiti masu tattara musu wasiƙu. Ita kuwa sai roƙo a Facebook, ko ta faɗa hannun 'yar kwangilar shawara, mai karɓar dubban daloli don ta koya mata murmushi. Uba yana gefe da katin banki, yana tambaya a hankali ko duk wannan yana cikin kuɗin makaranta.

Duk wasiƙun nan a gaban wa suke sauka? Wata ɗaliba 'yar shekara ashirin, ƙarfe biyu na dare, ido ya yi ja, ta karanta "haziƙa, mai ladabi, mai son jama'a" sau ɗari huɗu. Ƙungiyoyi da dama ma sun sanar cewa wasiƙar ba dole ba ce yanzu. An gaya wa uwa mai jadawali. Ta gyaɗa kai, ta ce lallai an ci gaba, sannan ta ƙara sabon layi mai suna "waɗanda suka ce ba dole ba", ta aika wa kowanensu biyu-biyu.