Jinjina ga Dallatun Katsina

Duk wanda ya ce Alhaji Aminu Bello Masari, Dallatun Katsina, bai tsinana wa mutanen Funtua da Malumfashi komai ba, hassada ce ke cinsa. Ɗanmu ne, ɗan ƙasar Kafur, wanda ya wakilci Malumfashi da Kafur a Majalisar Wakilai har ya zama kakakinta daga 2003 zuwa 2007. Da ya hau kujerar gwamna a 2015 sai muka ce noma ya samu uba, tunda mai mulkin ya tashi a ƙasar masara da auduga.

Allah ya ja zamanin Dallatu, gwarzon sulhu! Wane gwamna ne ya kai shi karrama baƙi? A Satumbar 2019 ya taka har bakin daji ya zauna da 'yan bindiga, aka ɗauki hoto, ga ɗan daji riƙe da AK-47 a gefensa, ga hafsan soja a tsaye. Aka sako musu 'yan uwansu da ke tsare, su kuma suka yi alkawari. Sulhu na biyu ke nan, don na farko ya riga ya watse, amma mai haƙuri ba ya gajiya. Tukuicin bai yi jinkiri ba. A Yunin 2020 suka faɗa wa Kadisau a ƙaramar hukumar Faskari, suka kashe mutane da dama. Ranar 11 ga Disamba suka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, yara 344 aka ƙirga ranar da aka sako su. Daga baya mai girma ya ce ya yi nadamar yarda da su, mu kuma muka binne namu.

Sai babban darasinsa, wato dogaro da kai. A 2021 ya shawarci talakawa su nemi makami su kare kansu. Manomin da sai ya sayar da akuya yake sayen buhun taki, ga shi an ɗaukaka shi zuwa soja, ba albashi ba kaki. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume har mutane suka saba biyan haraji ga masu daji, kafin shuka da kuma kafin girbi. Wa ya taɓa ganin tsari irin wannan?

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Malumfashi, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni. Kunne ya huta wata da watanni: ɗan kasuwa ba ya jin farashi, wanda aka kai wa hari da dare ba ya damun kowa da kira.

Aiki irin wannan ba ya tafiya ba lada. Ya sauka a 2023 bayan shekara 8, a 2024 kuma Shugaba Tinubu ya naɗa gwamnan da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara a zamaninsa ya shugabanci hukumar gudanarwar TETFund, asusun kula da manyan makarantun ƙasar nan.