Yadda Ake Mallakar Keken Hawan Dutse Mai Giya Ɗaya

Keken hawan dutse mai giya ɗaya keke ne da aka ƙera domin hawan dutse, sannan aka cire masa abin da ke sauƙaƙa hawan dutsen. Ka riƙe wannan bayani da kyau, don a kansa sauran darasin zai hau. In ka ji kamar wani abu ya ɓace a cikinsa, to ka fara fahimta ke nan.

Kafin mu yi nisa, bari mu kawar da wani ruɗani. Na san za ka ce ai kakanka ma keke mai giya ɗaya ya hau, Raleigh ko Phoenix, ya ɗaure buhun gero a kariya, ya ɗora yaro a sandar gaba, ya je kasuwa ya dawo, kuma babu wanda ya ɗauke shi hoto. Gaskiya ne. Amma ba abu ɗaya ba ne. Kakanka giya ɗaya ya tarar a shago, ita ya saya. Kai kuwa giya 12 za ka tarar, ka dube su da kyau, ka ƙi 11. Sarƙar iri ɗaya ce, gumin ma iri ɗaya. Bambancin yana jikin rasit.

Wannan ƙin yana da tarihi, kuma a jere ake binsa. A shekarun 1970, wasu samari a yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka suka riƙa zaƙulo tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu faɗin taya da giya ɗaya, suna gangarowa da su daga kan tsauni. A watan Oktoban 1976 suka fara tsere a wata gangara kusa da garin Fairfax, inda birkin baya ke ɗaukar zafi har giris ɗin cikinsa ya ƙone, sai an ɗura wani. Hawa kuwa, ko dai a loda kekunan a bayan a-kori-kura, ko a tura. Da turin ya ishe su, irin su Gary Fisher suka ɗaura wa kekunan giya. Joe Breeze ya ƙera firam na musamman a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981. Injiniyoyi suka duƙufa, giya ta tashi daga 15 zuwa 18, zuwa 21, zuwa 24. Sai da aka tabbatar komai yana aiki lafiya lau, sannan a shekarun 1990 wasu suka fara kwance giyar suna ajiyewa. Ka lura da tsarin. Ba a ƙin abin da ba a ƙirƙiro ba tukuna, shi ya sa aka jira shekara 20.

To, mataki na farko shi ne ka sayi keke cikakke. Ka nemi mai kyau, mai tarin farantai 12 a tayar baya, irin wanda kamfanin SRAM ya fitar a 2016, ƙaramin cikinsu mai haƙori 10, babban mai haƙori 50. Da wannan babban farantin, mutum mai matsakaicin ƙarfi zai hau tudu yana zaune yana amsa gaisuwa. Ka kai keken wurin mai gyara, ka ce ya cire farantan, ya cire ƙarfen da ke rataye a gefe yana ɗaga sarƙa daga wannan faranti zuwa wancan, ya cire maɓallin da ke kan hannu, ya zare wayar. Zai tambaye ka, "Yallaɓai, lalacewa suka yi?" Ka ce lafiyarsu ƙalau. Zai sake tambaya da wasu kalmomin. Ka maimaita amsar. Daga nan ka sayi faranti ƙwaya ɗaya da zobban da za su cike gurbin waɗanda aka cire, ka biya kuɗin aiki. Keken ya rage nauyin da bai wuce kilo ɗaya ba, kuɗinsa ya ƙaru. In ba ka son wannan zagaye, akwai kamfanoni irin su Surly na jihar Minesota da tun ƙarshen shekarun 1990 suke sayar da firam ɗin da aka ƙera don giya ɗaya, wato sun ɗauke maka wahalar cirewa, sun saka ta cikin farashi.

Abu ɗaya kada ka bari a taɓa, shi ne firiwil, wanda ke ba ka damar tsayar da ƙafa taya na ci gaba da juyawa. Akwai masu cire wannan ma, amma su ɗarikarsu daban ce, ba za mu shiga ba. Firiwil ɗin shi ne abin da kamfanin Shimano ya fara ƙerawa bayan an kafa shi a garin Sakai na Japan a 1921. Ka ga ke nan da kuɗinka ka mayar da kanka daidai inda kamfanin ya faro.

Mataki na biyu, zaɓen giyar. Nan sai ka nutsu, akwai lissafi. Farantin gaba yawanci haƙori 32 ne. In na baya 16 ne, duk zagayen feda ɗaya taya za ta juya sau biyu. Wannan shi ne tsohon awo na masu taya inci 26. Masu taya inci 29 sukan sa 18 ko 20. Mu ɗauki 32 da 18. Kewayen tayar ya kai mita 2.3, saboda haka zagayen feda ɗaya zai kai ka mita 4 da ɗan ɗoriya. In kana juya ƙafa sau 90 a minti, kana tafiyar kilomita 22 a awa. Wannan ita ce tafiyarka. Ka haddace ta, don babu wata.

A miƙaƙƙiyar hanya, idan abokan tafiya suka kai kilomita 30 a awa, kai sai ka juya ƙafa sau 122 a minti kafin ka zauna a cikinsu. Gwiwoyinka za su riƙa sama da ƙasa kamar na tela a daren Sallah, kana tsalle a kan sirdi, su kuwa suna hira. A hawa kuma ƙafar za ta sauko zuwa zagaye 30 a minti, kowane zagaye da nishinsa. Daga nan za ka gane ko ka yi zaɓe nagari. In giyar ta yi maka nauyi a hawa kaɗai, ka yi kuskure. In ta yi maka sako-sako a fili kaɗai, nan ma kuskure ne. Wadda ta dace ita ce wadda ta cuce ka ta ɓangarorin biyu daidai wa daida. Akwai wani ɗan tudu mai wani ayyanannen karkata wanda giyarka ta yi masa cif. Tsawonsa ba ya da yawa. In ka iso shi za ka sani.

Na uku, ɗaurin sarƙa. Ƙarfen nan da ka sa aka cire, ban da canja giya, shi ne ke jan sarƙa ta tsaya a miƙe. Yanzu babu shi, don haka ko firam ɗin ya kasance mai ramin da ake jan taya baya a ɗaure, ko ka sayi wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ƙaramar taya, wanda ake ratayawa daidai inda wancan yake, kuma daga nesa kamarsu ɗaya. Ka danna tsakiyar sarƙar da yatsa: ta motsa kimanin santimita ɗaya. Sai ka juya feda a hankali kana ci gaba da dannawa, za ka tarar wani wuri ta ɗame, wani wuri ta saki, saboda babu farantin da ya yi da'ira cif. A inda ta fi ɗamewa ake awo. Kada ka raina wannan mataki. Idan sarƙa ta zame kana tsaye da dukkan nauyinka a kan feda, za ku gana da sandar sama ta firam, kuma ganawar ba ta wurin da ake faɗa a mujalla ba ce.

Yanzu sai hawa. Masu wannan harka sun daɗe suna cewa keken yana da giya uku: zama, tsayuwa, da turi. Ba wasa suke ba, haka tsarin yake, kuma a jere ake shiga su.

Da ka hango tudu, kada ka jira shi. Tun daga nesa ka fara juya ƙafa iya ƙarfinka, domin gudun da ka taro a ƙasa shi ne guzurinka. Babban yatsanka zai je neman maɓalli a kan hannu, ya danna iska. Ka ƙyale shi, zai ɗauki makonni kafin ya haƙura. Da gudun ya fara ƙarewa, ka miƙe tsaye. Hannun keken faɗi ne da shi, wajen santimita 78, kuma ba don ado ba: in ka taka fedar dama sai ka finciko hannun dama sama, keken ya karkata hagu, sannan ka juya. Ƙafa na turawa ƙasa, hannu na ja sama, bayanka yana tsakiya yana karɓar saƙo daga ɓangarorin biyu. Kada ka kwanta gaba da yawa, tayar baya za ta yi wilwilo a kan tsakuwa ba tare da ta kai ka ko'ina ba. Kada ka koma baya da yawa, ta gaba za ta ɗaga. Akwai wuri a tsakani, faɗinsa ya kai tafin hannu.

Can wajen kashi biyu bisa uku na tudun, feda za ta iso sama ta tsaya. Ka hau kanta da duk abin da Allah ya ba ka, ta ƙi sauka. Keke ba ya gaba, ba ya baya. Za ka ji bugun zuciyarka a cikin kunne, ka ga tururuwa ta wuce ta gefen taya. Wannan yanayi yakan ɗauki daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, kuma shi ne alamar lokacin canja giya ya yi. Sai ka sauka.

Turi ma da ƙa'idarsa. Ka tsaya ta hagun keken, nesa da sarƙa, don kada ta shafa maka baƙin mai a ƙwauri. Hannu biyu a kan hannun keke, yatsa ɗaya a kan birki. Ka ɗaga kai kana kallon duwatsu da itatuwa, yadda duk wanda ya iso zai fahimci cewa dama nan ka yi niyyar sauka. Mai giya 12 zai zo ya wuce ka a zaune, ya ce maka sannu. Kada ka amsa da baki, ba ka da numfashin. Ɗaga gira ya wadatar. Saurinsa bai fi naka da komai ba, amma shi yana kan keke, kai kana gefensa.

Mataki na biyar shi ne bayani, kuma wajibi ne. Keke mai giya ɗaya da ba a sanar da kowa ba, keke ne kawai mai ƙarancin kaya. A duk inda aka tsaya shan ruwa, ka jingine shi ta yadda ɓangaren sarƙa zai fuskanci jama'a. In ba a tambaya ba, ka tsuguna ka danna sarƙar da yatsa har a tambaya. Sai ka ce keken ba ya ƙara, ba ya da abin lalacewa, kuma ya raba ka da tunanin wace giya za ka sa. Duk gaskiya ne. Taɓo ba ya hana shi aiki, reshe ba ya samun abin karyawa, gyaransa wanka ne da ɗigon mai. Kayan da a da suke lalacewa a jikin keke yanzu sun koma gwiwa da ƙugu, waɗanda ba a sayar da su a shago, don haka ba sa shiga lissafin kuɗin gyara.

In abin ya kama ka sosai, akwai gasar duniya. An fara ta a 1995 a Big Bear Lake ta Kalifoniya, ta zaga har Durango a 2009, Rotorua ta Niyu Zilan a 2010, Afirka ta Kudu a 2012, da Hakuba ta Japan a 2015. Da yawan mahaya sukan zo cikin shigar ban dariya. Sau da yawa akan ajiye kekuna a fili a janye masu su, a hargitsa kekunan, sannan a busa usur kowa ya ruga neman nasa. Garin da zai karɓi gasar baɗi kuwa, da wani wasa na daban ake tantance shi. Kyautar wanda ya zo na ɗaya, namiji da mace, zane ne da ake yi masa da allura a fata, wanda ba ya goguwa, kuma an san sharaɗin tun kafin a tashi: wanda ba ya so, kada ya ci. Ga wanda addininsa ko iyayensa ba su yarda da zanen jiki ba, sai ya yi tanadin kada ya zo na ɗaya. Ta wannan fanni ka kwantar da hankalinka.

Saura canjin giya. Eh, ana canjawa. A gasar Tour de France ta Faransa ba a yarda da ƙarfen canja giya ba sai 1937. Kafin nan mahayi yakan sauka a gindin tsauni, ya kwance tayar baya, ya juya ta zuwa ɗayan gefen mai farantin da ya fi girma, ya ɗaure, ya hau. Kai ka ci gaba fiye da haka, domin a gida za ka yi naka. Bayan 'yan watanni za ka tarar kana da gwangwani mai ɗauke da faranti mai haƙori 16, da 17, da 18, da 19, da 20, da 22. Daren da za ka fita, ka zauna ka yi nazarin hanyar gobe, ka zaɓi ɗaya. Ka cire taya, ka riƙe farantin da wata sifana mai guntuwar sarƙa a jiki, ka kwance zoben kulle da wata sifanar, ka musanya, ka sake jera zobban cikon har sarƙa ta miƙe sak daga gaba zuwa baya, ka ja taya, ka auna santimita ɗaya. In bambancin haƙoran ya yi yawa, sai ka ƙara ko ka rage gaɓar sarƙa. Aikin minti 20 ne ga wanda hannunsa ya faɗa. A tsohon tsari babban yatsa ne ke yinsa cikin rabin daƙiƙa, ba tare da ka koyi komai ba.

Wasu sukan gaji da wannan kwance-kwance, su sayi keke na biyu su bar shi a 32 da 20 don ranar duwatsu, na farkon ya zauna a 32 da 18. Dabara ce mai kyau, kuma tana karɓar ƙari. Na uku sai ya zama 32 da 16, don hanyar gari. Kowane keke yana bukatar wuri mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 80. Kafin ka kai na 12, ka auna zauren gidanku, kuma ka yi magana da maigidan haya.