Gardamar finafinan Moustapha Alassane a bakin butar shayi

Mu mutanen Ƙonni ba a raba mu da gardamar fim. Da an idar da sallar isha'i an shimfiɗa tabarma, an ɗora buta a kan gawayi, kafin a sha shayin farko fada ta rabu biyu, masu Indiya da masu Kano. Tun zamanin kaset finafinan Kano ta iyakar Illela ta Najeriya suke shigo mana, yanzu kuma a waya ake tura su, shi ya sa yaron Ƙonni ya san Ali Nuhu da marigayi Ibro kamar 'yan unguwarsu. Haka abin yake a Malbaza, haka a Badagishiri. Amma ka ambaci Moustapha Alassane, da yawa sai su yi tsammanin wani ɗan kasuwa kake nufi, alhali a Tawa, babban birnin jiharmu, mutumin nan ya zauna shekara da shekaru yana haɗa finafinansa, kafin ya rasu a Wagadugu a 2015.

'Yan tsirarun da suka san shi a fadarmu kuwa, in suka haɗu ba a tashi da wuri. Tambayarsu kullum ɗaya ce: a cikin finafinansa wanne aka fi tauye wa haƙƙi?

Ba wanda yake kawo Le Retour d'un aventurier na 1966, don shi ya riga ya yi suna. Shi ne na saurayin da ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari, har da 'yar fim Zalika Souley a cikinsu. Wani tsohon malamin makaranta da muke zama da shi, shi a kan Toula ya kafe, wanda aka ɗauko daga labarin marubuci Boubou Hama: fari ya ƙone ƙasa, boka ya ce sai an ba aljanin ruwa budurwa. Malam yakan ce duk wanda ya ga yunwar farkon shekarun 1970 a Adar da idonsa ba zai kalli fim ɗin nan idonsa a bushe ba.

Wani direba a fadarmu da ke ɗauko siminti daga Malbaza ba ya yarda. "Malam, Allah shi gafarta maka, ai FVVA shi an nan gaba. Mata, gida, mota, kuɗi. Wanga ciwo har yau shi ka cin samarinmu." Yana da hujja, don fim ɗin na 1972, wanda sunansa ke nufin waɗannan abubuwa huɗu, labarin ƙaramin ma'aikaci ne da son burga da nauyin dangi suka tura shi ga taɓa kuɗin da ba nasa ba.

Ni dai a wurina Kokoa ne aka fi zalunta, kuma mu muka zalunce shi. Gajeren fim ne na 'yan tsana: kwaɗi, hawainiya da tsuntsu sun shiga fili suna kokowa, ga makaɗa, ga 'yan kallo, ga mai shela. Mutane da sun ga 'yar tsana sai su ce wasan yara ne su kau da kai. To a tsaya a duba aikin. Kowace 'yar tsana da hannu aka ƙera ta. A ɗaga ƙafarta kaɗan a ɗauki hoto, a ƙara ɗagawa a sake ɗauka, haka har hotunan su taru su zama taku guda. Kafin kwaɗo ya kama ƙugun abokin karawarsa ya kai shi ƙasa, mai aikin ya sunkuya ya miƙe ba adadi. Kuma wanda ya yi shi ya san fili. Dubi yadda ɗan kokowa yake zagaye yana auna abokinsa kafin ya kai hannu, dubi yadda 'yan kallo suke ɗaukar zafi. Mu da a Tawa aka fara gasar kokowa ta takobin ƙasa a 1975, mu da in lokacinta ya zo kowace rumfa rediyo take kamawa, ai mu ya kamata mu fi kowa riƙe fim ɗin nan.

Kwaɗin ma tsofaffin abokan aikin Alassane ne. Tun a 1966 ya zana su a Bon voyage Sim, inda shugaban ƙasar kwaɗi ya tafi ziyarar aiki da fareti da jan kafet. Shi Alassane bakanike ne tun farko, ya koyi harkar fim a Yamai wurin Jean Rouch, ya je Kanada ya ga aikin zane mai motsi wurin Norman McLaren, ya dawo yana yi da abin da hannunsa ya samu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya tattara finafinansa ya nuna wa jama'a, mu kuwa ka zaga wurin masu tura fim a waya ka tambaya, sai yaron ya ce, "Baba, na Indiya ne ko fassara?" Malam ya ce a nemo su a haska a makarantu. Direba ya ce a kafa farin ƙyalle a filin kokowa a nuna Kokoa kafin a fara karawa, kuma a wannan karon duk fadar bayansa ta bi.