Yadda Ake Sasanta Kafireta Biyu a Zafin Makka

Wannan shawara ta mai tsohuwar mota ce, irin Marsandi 280S ɗin nan da aka ƙera tsakanin 1967 da 1972, mai silinda shida da kafireta Zenith guda biyu. Idan taka ta zamani ce, wadda ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonta da kanta, Allah ya tsare hanya, wuce abinka. Mu da muka kwana biyu muna shaƙar baƙin hayaƙi tsakanin Misfala da Shara Mansur mun san juna, don haka ba zan tsaya koya maka buɗe bonet ba.

Na farko, kada ka taɓa kafireta tukuna. Yawancin laifin da ake ɗora mata ba nata ba ne. Duba fulogi da kwantak, saita taimin, auna tazarar bawul, sannan ka bi kowane tiyon iska da yatsa, domin robar da ta haura shekara hamsin tana shan rana ta gama tsattsagewa. Iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya babu sukurun da zai gyara ta. Fesa ɗan man wanke kafireta a gindinta injin yana silo. In muryarsa ta canza, ga ɓarakar nan.

Na biyu, ka sani gidan mata biyu ka shiga. Ta gaba tana ciyar da silinda uku, ta baya uku, kuma adalci shi ne kowace ta ja iska daidai da 'yar'uwarta. Ka fifita ɗaya, ɗayar ta yi yaji, mota ta kama karkarwa har madubi yana rawa. To, bar injin ya ɗumama, cire matatar iska, kwance sandar da ta haɗa totur ɗinsu domin kowace ta tsaya da ƙafarta. Samo tiyo mai kamu biyu, baki ɗaya a kunnenka, ɗayan a bakin kafireta, ka saurari shuuu ɗin da take yi. Koma wa ɗayar, ka aza tiyon a daidai wurin da ka aza na farko. Riƙa juya sukurun silo kaɗan-kaɗan har muryoyin su zama ɗaya, injin yana juyi wajen 800 a minti. Akwai na'urar auna iska, Uni-Syn, mai ɗan ƙwallo a cikin gilashi. In Allah ya haɗa ka da ita, riƙe ta hannu bibbiyu, ko ƙanenka kada ka ba aro.

Sai dai dabarar tiyo tana son shiru, shiru kuwa ba ya cikin kayan da ake samu a Makka. Ka sa kunne ke nan bas ɗin mahajjata zai danna hon a bayanka, injin fasa dutse ya amsa daga kan tudu. Waɗannan ma da sauƙi. Babbar jarrabawa 'yan ba da shawara ne. Da ka ɗaga bonet sai su tsiro, hannu a baya, kai a cikin injinka. Wannan ya ce, "Alhaji, mai ne ya yi mata yawa." Wancan ya ce a'a, iska ce. Na uku ba ya magana, sai dai ka waiwaya ka ga ya ɗauki sukudirebarka ya murɗa sukurun da ka kwashe safiya kana lallaɓawa, yana cewa, "Ɗan taɓawa kawai na yi, yallaɓai." Ɗan taɓawa! Kwata ɗin juyi ɗaya ya isa ya mayar da kai inda ka faro. Daga ƙarshe sai babbansu ya yi gyaran murya ya ce ka cire injin gaba ɗaya ka sa na Toyota ka huta. Wallahi wannan magana tana yi mini ciwo. Injin da ya yi rabin ƙarni yana aiki, a jefar da shi saboda mutane sun daina haƙurin sauraro?

Na uku, ko na huɗu ne, zafi. A aikin Hajjin watan Yuni na 2024 ma'auni ya kai digiri 51.8 a Harami. Fetur kuwa tun zafi bai kai haka ba yake fara zama tururi, balle a ƙarƙashin bonet. Ka kashe mota ka shiga sallar Azahar, ka fito, man ya tafasa a cikin kafireta, ka yi ta murza makulli tana tari. Kada ka zargi saitinka. Duba faifan da ke raba kafireta da zafin injin, ka nisanta tiyon mai daga salansa, kuma duk wani saiti ka yi shi bayan Asuba, lokacin da sifana ba ta ƙona tafin hannu.

Kayan gyara: gaskit, roba, allurar fulot. Za a ce maka gobe in sha Allahu. Kama hanyar Jidda, ka nufi tashlih, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci, ka tafi da tsohon a aljihu don gwadawa.

Batun mayar da sandar totur, ka tabbata su biyun suna buɗewa lokaci guda. Launin fulogi kuma ka sani: baƙi mai ya yi yawa, fari ya yi kaɗan, ruwan ƙasa shi ake nema.

Saura abu ɗaya. Ranar da motar ta daidaita, zuciya za ta ce ka hau Ɗa'ifa ta hanyar Hada ka sha iska. Hau mana. Amma Makka ba ta kai mita 300 daga saman teku ba, Ɗa'ifa kuwa ta kusa 1,900. Iskar can ba ta da kauri, don haka man zai rinjaye ta, motar ta yi nauyi, ta ɗan yi hayaƙi. Lafiyarta ƙalau, da ka gangaro za ta dawo hayyacinta. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka bari wani a bakin hanya ya gyara maka ita a can sama. Kulle sukudireba a but, ka sa makullin a aljihu.