Dakta, Makirufonka a Buɗe Yake

Shekaranjiya da daddare na yi jawabi a gaban mutum sama da 400, ina zaune a ƙofar gida da singileti, sauro na ta gasa min ƙafa.

Daɗin waɗannan zaurukan hira na murya ke nan, ba mai ganinka. Da Clubhouse ta fito a 2020, lokacin da korona ta zaunar da mutane a gida, sai mai iPhone ke shiga, shi ma sai an gayyace shi. Da Twitter, wadda yanzu ake kira X, ta buɗe nata Spaces a 2021, sai mu ma muka samu majalisar da ba ta buƙatar wanka ko guga. Ka gyara murya ka ce "a nawa nazarin", shi ke nan ka zama Dakta. Ni dai an kira ni da shi tun tuni, ban kuma ga dalilin gyara wa kowa ba.

Zancen daren shi ne cin bashi don sayen ragon layya. Wani ya ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na nemi izini, mai gabatarwa ya ba ni makirufo, na ce ban da nawa cikin. Na ce layya a kan mai hali take. Na ce ni tun da na yi aure ban taɓa kwana da sisin wani ba. Alamar ɗari bisa ɗari sai tashi take a fuskar waya, wani daga Jidda har da kabbara. Na yi godiya, na danna inda nake zaton kashe makirufo ne, na ajiye wayar a kan benci.

Sai ga sallama.

"Kawu, wai in ji Baba, kuɗin shinkafa da man gyaɗa na tun azumi, naira 17,500, ko a bayar yau ko ya zo da kansa."

Yaron nan ɗan makarantar allo ne, muryarsa tar, bai haɗiye harafi ko ɗaya ba. Da "kuɗin Baba" kawai ya ce, da na samu mafita, sai in ce adashi ne. Ina! Sai da ya lissafa kayan, ya faɗi wata, ya kawo adadi har da ɗari biyar ɗin da ke kai. "Tun azumi" ɗin nan kuwa ja ya yi, yadda ake jan baƙi a gaban malam.

Amsata ta fi ciwo, don ba da muryar Dakta na ba da ita ba. Da tawa ce ta gida, wadda nake korar awaki da ita.

"Je ka ce masa ba na nan."

"Ai yana hango ka daga shago, Kawu."

Shiru. Can wata mata ta yi magana daga kan benci, a natse, cikin ladabi: "Dakta, makirufonka a buɗe yake." Kafin in miƙa hannu wani ya ce yana da tambaya, shinkafar 'yar gida ce ko 'yar waje?

Na wawuri wayar, ta kulle kanta. Na ɗora yatsa, gumi ya hana ta gane ni. Lambar sirrin da nake dannawa ko ido a rufe ta ɓace min fat. Mai gabatarwa yana da ikon kashe min makirufo daga wurinsa, amma shi na fi jin shessheƙar dariyarsa. Kuma tun farkon zama ya sanar cewa ana naɗar hirar saboda waɗanda ba su samu halarta ba.

A nan maƙwabcina, wani dattijo da ke kishingiɗe a tabarma da rediyonsa, ya tashi zaune.

"Cire batirin, ɗana."

Na raɗa masa cewa wayoyin yanzu ba a cire musu batir.

"To kife ta, maganar ba za ta fita ba."

Na kife ta. Dariyar ta ci gaba da fitowa ta ƙarƙashi.

"Ce musu wasan kwaikwayo ake yi a rediyo. Bari in ƙure nawa." Ya murɗa, aka ci sa'a sanarwar rasuwa ake karantawa. Ya kashe, ya yi tagumi, sannan ya kawo shawarar a ba yaron wayar ya janye maganarsa. Yaron ya ce shi aiko shi aka yi.

Da ya ga duk dabarun sun ƙi, sai ya karɓe wayar daga hannuna, ya kai ta bakinsa, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum jama'a. Ni maƙwabcinsa ne, tun yana ƙarami na san shi. Kada ku yi masa mummunar fahimta, mutumin kirki ne. Ni kaina dubu biyar ɗina da ke wurinsa tun bara, ko sau ɗaya ban taɓa tambayarsa ba."