Masu Liƙa Fanel, Daga Ƙaura Zuwa Shinkafi

Idan ƙarshen zangon karatu ya gabato a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, sai a riƙa ganin samari da baƙar leda a hannu, ciki da zanen da aka kwafo daga YouTube da 'yan razisto ƙulle a takarda. Ba ɗalibai kaɗai ba ne. Akwai yaron Zurmi da ke son haɗa amfilifaya don lasifikar masallacin unguwarsu, akwai mai shagon caji a Shinkafi da ke neman abin da zai yanke wuta da kansa idan batir ya cika. Dukansu suna da zane. Abin da ya rage shi ne wanda zai jera kayan a kan fanel ya liƙe su da dalma, kuma zaɓen wannan mutum ya fi zanen wuya.

Na farkon da ake nuna wa baƙo shi ne tsohon mai gyaran rediyo, irin wanda ke kafa teburinsa ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi. Ya fara sana'a tun zamanin da rediyo mai gajeren zango ke cikin kayan fahariyar magidanci, kuma bai taɓa dogara da Nepa ba, don a kan garwashi yake gasa ƙarfen liƙinsa. Dalmar gargajiya, kashi 60 kuza da kashi 40 dalma, tana narkewa wajen digiri 190. Baba, kamar yadda ake kiransa, ba shi da ma'aunin zafi, kusanto ƙarfen yake yi da kumatunsa ya ji. Idan aka miƙa masa zane sai ya juya shi sama da ƙasa, ya ajiye a ƙarƙashin kwanon goro, ya ce, "Ɗana, mi kaka so shi yi? Shi yi magana ko shi kawo wuta?" Da an faɗa masa, an gama. Zai ciro tiransisto daga gawar wata rediyo, kafasito daga tsohuwar kaset, ya ɗora wa kowace ƙafa dalma kamar curin fura. Aikin ba kyau a ido, amma yakan yi shekaru yana aiki. Inda yake ajiye makamai shi ne kayan zamani masu ƙanƙanta, waɗanda ba su da ƙafar da za a zura a rami. Yakan ce su ba don hannun ɗan Adam aka yi su ba. Aibinsa guda da bai kamata a yi wa dariya ba shi ne riƙe zaren dalma da haƙori. A jihar da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, ko da yake waccan daga dutsen zinariya ta fito, wannan al'ada ta isa a bari.

Kishiyarsa shi ne mai gyaran waya, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ma haka ya rubuta a allonsa. Ya koyo aiki a Farm Centre ta Kano, ya dawo da bulowa da gilashin ƙara girma da hantsaki. Gaskiya ita ce a duk yankin babu hannun da ya kai nasa iya ɗora ƙananan kaya: aisin da ido ke gani da ƙyar zai hura masa iska mai zafi ya zaunar da shi daram. Matsalar ita ce layi. Fanel ɗin mai sha'awa ba ya kawo kuɗin da canjin sikirin ke kawowa, saboda haka kullum yana ƙasan tari. "Oga, ka dawo bayan La'asar," in ji shi, ba tare da ya faɗi ta wace rana ba. Kuma ko fitilar lambu aka kawo masa ta ƙi kamawa, hukuncinsa ɗaya ne: aisin caji ne.

Mai haɗa inbata da sola kuwa ba ya yarda akwai zanen da ya cika. A wurinsa duk abin da Bature ya zana don ƙasar sanyi ya zana shi, bai san zafin watan Afrilu a Zurmi ba. Inda zane ya ce a sa mosfet IRF3205 guda biyu, shi sai ya sa shida. Inda aka ce fis, sai ya murɗa wayar tagulla ya sa, wai fis ɗin yanzu ragwaye ne, alhali aikin fis ke nan ya mutu domin sauran kaya su tsira. Ranar da hayaƙi ya tashi, laifin na 'yan kasuwa ne masu sayar da jabu. Wani lokacin ma da gaskiyarsa.

A tsakanin waɗannan akwai wanda ba ya liƙi amma yana iya kashe aiki tun daga nesa: direban tasha da ake ba wa saƙon kaya zuwa kasuwar Sabon Gari a Kano. An rubuta masa 7805, mai fitar da bolt 5, ya tarar babu, mai shago ya ba shi 7809, shi kuma ya karɓa da murna tunda lambar ta fi girma. Aisin da ke kan allon Arduino ba ya jure bolt 9 kai tsaye, kuma ba ya yin gargaɗi.

Sai ɗan kwangilar furojet, wanda ake samu a kusan kowane gari mai makarantar fasaha. Shi ba ya tambayar zane, tambayarsa ita ce yaushe za a kare aikin gaban malamai. Yana da na'urori uku ko huɗu da ya haɗa tuntuni a kan aisi 555, wanda kamfanin Signetics ya fitar tun 1972: mai kunna fitila da magariba, mai kuka idan tanki ya cika, mai ƙara idan an taɓa ƙofa. Akwati kawai yake canzawa da fenti. Na'urarsa takan yi aiki ranar da ake bukata, amma kada a nemi mai ita ya bayyana abin da ke ciki.

Akwai kuma mai cewa shi ba ya bukatar kowa. Ya buga zanensa a kafe, ya manna a allon tagulla da dutsen gugar gawayi na gidansu, ya jiƙa a ruwan ferik kulorayid cikin robar da ƙanwarsa ke nema tun safe. Layuka sun fito tsaf. Sai wajen sa aisi ya gane bai juya zanen ba kafin bugawa, dama ta koma hagu.

Wanda ya fi kowa kwarjini a majalisa shi ne ɗan Shenzhen, mai laƙabi da sunan wani birnin ƙasar Sin. Ya gano cewa kamfanoni irin su JLCPCB da PCBWay a ƙasar Sin suna buga fanel daga fayil ɗin da aka tura musu, har su jera kayan da inji idan an biya, kuma JLCPCB ya daɗe yana tallar guda biyar a dala 2. Ba ya cika ambaton kuɗin jirgi, wanda ke ninka wannan sau da yawa, ko wahalar biya da aka sha lokacin da bankuna da dama suka dakatar da sayayya a waje da katin naira a 2022, ko adireshin kawunsa na Kano da ya ara don ɗan aike ya samu inda zai sauke. Ire-irensa sun ga ta kansu a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, sai an fita jihar kafin a san inda kaya suka kwana. Duk da haka, ranar da kwalin ya iso sai majalisa ta yi tsit: fanel kore shar, rubutu fari, har da sunansa a gefe. Ingancin ba ƙarya. Sai dai injin Shenzhen ba ya gardama irin ta mai inbata, ba ya tambaya irin ta Baba. Abin da aka zana shi yake bugawa, kuskure ma haka, sau biyar cif. Don haka bayan makonni na jira sai a ga ɗan Shenzhen zaune a bencin Injiniya, ana kankare layi ɗaya da reza ana tsallaka shi da 'yar waya. Sauran huɗun yana nema wa masu saye a cikin 'yan ajin ƙasa, a farashi mai sauƙi, waya kyauta.